Yadda ake saka wa mota sifesa ko adafta ba tare da taya ta bar ka a hanya ba

Shekarun baya na sayi rim huɗu na Beljiyam don wata Camry da nake hawa a lokacin. Rim ɗin sun yi kyau, ramukan noti sun dace, amma da aka ɗaura na gaba sai hannayensu suka riƙa gogar kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki. Yaron shagon bai tsaya dogon tunani ba, ya shiga ciki ya fito da fayafayen alminiyam guda biyu, kaurin kowanne milimita 8, ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne, sifesa kawai za a sa." Aka sa, aka ɗaure, ya hau kan wil-sifana da ƙafa har sai da ƙarfen ya yi ƙara. Kwana tara bayan nan ina hanyar Zariya, na ɗan gota Kwanar Ɗangora, sitiyari ya fara rawa a hannuna, sai kuma wani ƙas-ƙas daga ƙafar gaba ta dama. Da na sauka gefen titi, noti ɗaya babu shi, biyu kuma da yatsa nake juya su. Na kwance ɗaya ina ƙirgawa. Zagaye huɗu kacal ya yi ya faɗo a tafin hannuna.

Faifan nan lafiyarsa ƙalau, ko tsagewa bai yi ba. Abin da ya faru shi ne ya cinye fiye da rabin tiredin da noti yake kamawa, kuma babu wanda ya ƙirga, har da ni mai motar. Kusan duk tayar da ta fita saboda sifesa, idan ka bi sawu, a wurin awo da ɗauri aka yi kuskuren. Shi ya sa yawancin wannan bayani na abin da za ka yi ne kafin ka je kasuwa.

Sifesa faifai ne na ƙarfe da ake sawa tsakanin rim da hob, wato ƙarfen ƙafar mota da ake ɗaure rim a jikinsa, don a turo taya waje. Iri biyu ne. Akwai siriri, mai kaurin milimita 3 zuwa 10 ko sama kaɗan, wanda ake zura shi a kan sitod ɗin motar, wato ƙusoshin nan masu tiredi da ke tsaye a jikin hob, sannan a ɗora rim a ɗaure su tare da noti ɗaya. Akwai mai kauri, daga milimita 20 ko 25 zuwa sama, wanda ake ɗaure shi da nasa notuna a jikin hob, shi kuma yana da nasa sitod da rim zai hau. Adafta kamar wannan na biyun take, sai dai tana canza tsarin ramuka, ta yadda rim ɗin Marsandi zai hau Toyota.

Mataki na farko: me ya sa kake son sa?

Idan rim ko taya na gogar kalifa ko shokazoba ta ciki, ƙaramin sifesa na iya raba gardama. Idan ka ɗaga Hilux ka sa mata manyan tayoyi suna taɓa ƙarfen ƙafa in an karya sitiyari, nan ma da dalili. Idan kuwa don ado ne, kana so ƙafafun motar su cika fenda ta yi tsayuwar isa, ba laifi ba ne, amma ka fara tambayar kuɗin rim mai zurfin da ya dace da abin da kake so. Sau da yawa kuɗin sifesa huɗu masu kyau da dogayen sitod da kuɗin aiki ya kusa kai cikon da za ka yi ka musanya rim ɗin. Rim da ya zauna kai tsaye a kan hob ya fi komai kwanciyar hankali, ni dai a wurina. Mai motar haya da ke lodin fasinja da buhuna kullum, shawarata gare shi ya bar wannan harka gaba ɗaya.

Mataki na biyu: doka da inshora

Ƙasashe sun sha bamban a nan, kuma sanin yadda suka bambanta yana da amfani ko ga wanda ba zai taɓa tuƙi a can ba, domin kowace doka tana nuna maka inda haɗarin yake.

A Ostiraliya, ƙa'idar ƙasa ta yi wa ƙananan motoci kwaskwarima, wadda suke kira VSB 14, ta hana sifesa da adafta sai idan kamfanin da ya ƙera motar ne ya sa su tun asali. A Jamus an yarda, amma sai da takarda: ko dai kayan su zo da izinin da ake kira ABE, ko su zo da rahoton gwaji wanda bayan an ɗaura za ka kai motar wurin masu bincike irin su TÜV ko DEKRA su duba su sa hannu. Takardar tana faɗin samfurin motar, girman rim da taya, har da yawan zagayen da noti zai yi. In ka sa babu ita, izinin hawan motar a titi na iya faɗuwa. A Ingila ba a hana ba, amma a gwajin shekara-shekara na MOT mota tana faɗuwa idan taya na gogar jikinta ko boris, wanda taya ke juyawa a kansa, na wasa, kuma dole ka gaya wa kamfanin inshora ka yi wa motar canji. A Amurka kowace jiha da nata. Fensilbaniya, alal misali, ba ta yarda da sifesan da ya wuce rubu'in inci ba, wato milimita 6 da ɗan ɗoriya.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma take aiki da dokar 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012, tana kama direba a kan tuƙa motar da ba ta da lafiya da kuma lalatattun tayoyi. Takardar lafiyar mota kuwa a hannun jami'an VIO take. Jami'in da ya tsayar da kai a hanya ba zai kwance taya ya leƙa bayanta ba. Abin da idonsa zai gani shi ne taya ta leƙo waje ta wuce fenda, ko gefenta ya sha guga ya yi sheƙi, ko noti ɗaya ya ɓace. Don haka ka riƙe abu ɗaya da kusan ko'ina aka yarda da shi: fenda ta rufe fuskar tayar da ke taka ƙasa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa bin bayan irin wannan motar a kan babur da damina, tana watso masa taɓo da tsakuwa a fuska.

Idan inshorarka ta komai da komai ce, ka rubuta wa kamfanin kafin ka sa, ka ajiye amsarsu. Yarjejeniyar inshora a kan faɗin gaskiya aka gina ta, kuma ranar da taya ta fita aka zo duba mota aka tarar da faifan da ba su san da shi ba, ka ba su hujjar ƙin biya da hannunka. Mai sabuwar mota da garanti bai ƙare ba, shi ma ya tambayi dila tukuna.

Mataki na uku: lambobi huɗu da za ka rubuta a takarda

Na farko tsarin ramuka, wanda ake rubutawa PCD: yawan ramuka da faɗin da'irar da suke kai. Camry da Accord 5x114.3 ne. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai ramuka biyar 5x100 ce, haka ma Golf 4. Marsandi 5x112, tsofaffin BMW 5x120, Peugeot 406 kuma 4x108. Hilux mai ramuka shida 6x139.7. In ramuka huɗu ne ko shida, auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa, ka gama. In biyar ne, auna tsakiyar ramuka biyu maƙwabta ka ninka da 1.701. A 114.3 za ka samu tazarar milimita 67.2, a 112 kuma 65.8. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima; to a nan bai sani ba. Rim ɗin 112 zai shiga sitod ɗin 114.3 in an matsa masa, noti ya hau a karkace, kowane sitod yana lanƙwashe kaɗan, har ranar da ɗaya zai karye ya ja sauran. Kada ka auna da tef ɗin tela. Nemi ma'aunin baniya, mai auna kauri da faɗi cif, wurin masu injin sassaƙa ƙarfe.

Na biyu faɗin ramin tsakiya. A tsakiyar hob akwai wani leɓe zagayayye da ya ɗan fito, shi ne yake shiga ramin tsakiyar rim ya daidaita shi cif. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, na waccan Corolla 54.1, na Golf 57.1, na Peugeot 406 65.1, na Marsandi 66.6, na Hilux 106.1. Ka lura Camry da Accord ramukan notinsu ɗaya ne amma leɓensu daban, don haka sifesan da aka ce maka "na Japan ne, duk yana hawa" ƙarya ce ko rashin sani. Ka kuma auna tsawon leɓen, nawa ya fito daga fuskar hob. Za mu dawo kansa.

Na uku zurfin rim, wanda aka buga a bayan hannayensa da haruffan ET da lamba, misali ET45. Ma'anarsa fuskar da ke manne da hob ta gota tsakiyar rim zuwa waje da milimita 45. Duk kaurin da ka ƙara, ka cire shi daga wannan lambar: sifesa mai 20 a kan ET45 ya mayar da shi ET25. Ga masu adafta wannan lissafi shi ne komai. Adafta ba ta yin siranta, domin sai ta ɓoye notunan ciki a jikinta, da wuya ta gaza milimita 20 zuwa 25. To in motarka da ET45 ta zo, rim ɗin Marsandin da ka gani a kasuwa shi ma ET45 ne, adafta mai 25 za ta turo kowace taya waje da santimita biyu da rabi ko kana so ko ba ka so. Yawancin ƙananan motoci ba su da wannan filin a ƙarƙashin fenda.

Na huɗu girman tiredi da siffar mazaunin noti. Toyota da Honda a ƙananan motocinsu M12x1.5 suke amfani da shi, Nissan M12x1.25, Golf 4 kuma M14x1.5. Lambar farko kaurin sitod ce, ta biyu kuma nisan da noti yake shiga a zagaye ɗaya. Mazaunin noti iri uku ne: mai tsini kamar mazurari, wanda yawancin rim na kasuwa suke da shi, mai kumburi kamar rabin ƙwallo, irin na rim ɗin Honda da Volkswagen da Marsandi na asali, da shafaffe mai washa, irin na aloyin Toyota na asali. Notin wani a ramin wani yana taɓawa ne a siririn layi kawai. Zai yi kamar ya ɗauru, bayan kwana biyu ya saki.

Mataki na huɗu: nawa ne filin da kake da shi

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, tayoyi a miƙe, iska daidai. Ɗaura noti a bakin zare, ka manna zaren a leɓen fenda daidai saman tsakiyar taya, ya sauko yana reto. Auna daga zaren zuwa inda gefen taya ya fi kumbura ta sama. Yi haka a duk ƙafafu huɗu, domin motar da ta taɓa haɗari ko aka yi mata gyaran jiki da wuya hagu da damanta su zo ɗaya. Ɗauki mafi ƙanƙanta, ka rage milimita 5, abin da ya saura shi ne iyakar kaurin da za ka iya sawa.

Daga nan ka sa mutum uku su zauna a baya, a jefa buhun shinkafa ko biyu a but, ka sake dubawa. Motar da ba ta da kowa ciki ba ta faɗin gaskiya. Leɓen fenda na ciki yana da kaifi, kuma lokacin da mota ta faɗa rami da lodi, shi ne yake yanka gefen taya, wurin da ba ya ɗaukar faci. A gaba kuma ka karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka zura hannu ka ji tazarar da ke tsakanin taya da robar cikin fenda da gefen bamba.

Kaurin hagu da na dama dole su zama ɗaya. Gaba da baya na iya bambanta.

Mataki na biyar: ƙirga zagaye

Wannan shi ne wurin da na faɗi, don haka bari in daɗe a kai. Kafin ka sayi komai, kwance noti ɗaya daga tayar da ke jikin motar, ka mayar da shi da hannu kana ƙirga cikakken zagaye tun daga inda ya fara kama tiredi har ya zauna. Yi wa notin alama da alli don kada ka ruɗe. Ka ce ka samu tara. Ƙa'idar da bakanikai na ƙwarai suke bi ita ce noti ya kama tiredi gwargwadon kaurin sitod ɗin: sitod mai milimita 12 yana son milimita 12 na tiredi, wato zagaye takwas a M12x1.5. Takardun Jamus sukan sa mafi ƙaranci a zagaye shida da rabi ga wannan girman, bakwai da rabi ga M12x1.25 da M14x1.5. Ƙasa da haka babu wanda zai sa maka hannu.

Yanzu yi lissafi. Kowane zagaye milimita ɗaya da rabi ne. Sifesa mai 3 ya cinye zagaye biyu, saura bakwai, ka tsira da ƙyar. Mai 5 ya cinye uku da ɗoriya, saura ƙasa da shida, ka faɗi. Mai 8 ya cinye biyar da ɗoriya, ga huɗun da na ƙirga a gefen titin Zariya. Saboda haka duk siririn sifesan da ya wuce milimita 3, kusan kullum sai an canza sitod an sa dogaye. Idan mai sayarwa ba shi da dogayen sitod masu lambar ƙarfi 10.9 a kansu, masu gindin da ya dace da ramin hob ɗinka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In an sa dogayen kuma, a tabbata notin mai rufaffen kai bai tokare da ƙarshen sitod ba tun kafin ya danne rim.

Motocin Turai irin su Peugeot, Volkswagen da Marsandi ba su da sitod, bolti ake zurawa ta cikin rim ya shiga hob. Nasu ya fi sauƙi ta wani ɓangaren: ka sayi bolti da ya fi na asali tsawo da daidai kaurin sifesan, mai mazauni iri ɗaya. Amma daidai ɗin nake nufi. Wanda ya yi tsawo fiye da kima zai leƙa ta bayan hob ya riƙa karo da kayan birkin hannu da ke cikin diram na baya.

Ga sifesa mai kauri da adafta matsalar ta juya. Sitod ɗin motar na asali na iya fin faifan tsawo, kansu ya leƙo ta fuskarsa. Yawancin aloyi suna da ramuka a baya tsakanin ramukan noti, inda kan sitod zai shige. Rim na ƙarfe galibi ba shi da su. In kan sitod ya tokari bayan rim, za ka ɗaure noti ya yi tauri, alhali rim ɗin bai zauna a kan faifan ba, a kan ƙusoshi biyar yake tsaye. Gwajin mai sauƙi ne: goga alli a kan kowane sitod, ɗora rim ka ɗaure da hannu, ka cire ka duba bayansa. In ka ga farin tabo, ko dai a rage tsawon sitod ɗin, ko a ƙara kauri, ko a fasa.

Mataki na shida: a kasuwa

Ko Ƙofar Ruwa ka je a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ka yi oda daga kasuwar Ladipo ta Legas ko ta intanet, tafi da takardarka da ma'auninka. Abin da kake nema shi ne faifan da ramin tsakiyarsa ya yi daidai da leɓen hob ɗinka ba tare da wasa ba, kuma yana da nasa leɓe a gaba da zai shiga ramin rim. Ka tuna tsawon leɓen da ka auna? Shafaffen faifai mai milimita 3 ko 5 yana barin ragowar leɓe ya kama rim. Mai 8 ko 10 yakan haɗiye shi duka, rim ya rasa abin da zai daidaita shi, sai rawar sitiyari ta fara da zarar maleji ya kai 80 ko 100, ka yi ta kai wa masu balansin suna cin kuɗinka a banza.

Masu kyau da alminiyam mai lamba 6061-T6 ko 7075-T6 ake sassaƙa su, kuma za ka ga an buga girmansu a gefe. Ka guji mai dogayen ramuka barkatai da aka yi don ya hau kowace mota, ka guji na zubi mai ƙuraje a jiki, wanda in ka ƙwanƙwasa shi yake amsawa kamar tukunyar da aka narka daga gwangwani. Araha ba ta ado. Adaftar da ke canza yawan ramuka, daga huɗu zuwa biyar ko biyar zuwa shida, yawanci gida biyu ce da aka haɗa da ƙananan bolti. Ban taɓa ba wa kowa shawarar ya sa ta ba. Haka nan ɗora faifai kan faifai, ko jera washa a kan kowane sitod kamar yadda na sha gani a gareji, ko kai hob wurin mai walda ya ƙara masa wani abu. Rim yana riƙuwa ne da matsewar fuska da fuska, kuma washa biyar ba fuska ba ce.

Mataki na bakwai: duba ƙafar motar tukuna

Turo taya waje kamar ƙara wa sifana tsawon hannu ne: nauyin bai canza ba, amma ƙarfin da yake murɗa boris da bol-join da tayarod ya ƙaru. A gaba kuma, wurin da taya take taka ƙasa ya matsa daga layin da take juyawa a kai, shi ya sa sitiyari yake ƙara nauyi kuma yake fizgar hannu in ka faɗa rami ko ka taka birki a kan gargada. A milimita 5 da wuya ka ji bambanci. A 25 ko 30 za ka ji, kuma boris zai riga lokacinsa mutuwa, balle a hanyoyinmu. Duk mai bin titi ya ga motar da ƙafarta ta gaba ta kwanta a tsakiyar kwalta saboda bol-join ya fita. Ɗaga kowace ƙafa, kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan hagu da dama. In akwai wasa ko gurnani lokacin da ka juya ta, a gyara wannan kafin a yi maganar sifesa.

Mataki na takwas: ɗaurawa

A wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ja birkin hannu, sa dutse ko katako a tayar da ba a taɓawa. Sassauta notuna tun motar tana ƙasa, ɗaga da jak, sa mata abin tokare na ƙarfe. Kada kowa ya sa hannu a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Cire taya, ka goge fuskar hob da leɓensa da buroshin ƙarfe da samfefa har tsatsa ta fita ƙarfe ya yi haske. Goge bayan rim shi ma. Wasu motocin suna zuwa da ƙananan zobba na gwangwani a gindin sitod ɗaya ko biyu, waɗanda aka riƙe faifan birki da su a kamfani. Cire su, in ba haka ba sifesa ba zai kwanta ba. Ɗora sifesan da hannu. Ya kamata ya shige leɓen salin-alin ya manne, in ka danna gefe da gefe kada ya yi rawa. In sai da guduma zai shiga, ba naka ba ne. Ɗan shafa giris siriri a leɓen kawai don kada alminiyam ya manne da ƙarfe nan gaba. Tiredi da fuskokin da ke haɗuwa a bar su a bushe, domin adadin ɗaurin da kamfani ya bayar na busasshen tiredi ne.

In mai kauri ne, sa notunansa na ciki da hannu, wani ya taka birki don hob ya tsaya, ka ɗaure su a tsallake, ɗaya ka haye na kusa da shi ka kama na gaba, kamar kana zana tauraro. Yi haka sau biyu ko uku kana ƙara ƙarfi, na ƙarshe da sifana mai ma'auni, wadda take yin ƙas idan an kai adadin. Shafa tafin hannu a fuskar faifan, kada kan noti ko ɗaya ya fi ta tudu. Sannan rim ya hau, shi ma a tsallake, a ƙarasa ɗaurin bayan an sauke motar.

Adadin yana cikin littafin motar. Na Camry da Corolla 103 ne a Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaure noti, na Accord 108, na Golf 4 kuma 120. Ga abin da ya sa nake nacewa a kan sifana mai ma'auni: mutum mai kilo 70 in ya tsaya a kan wil-sifana mai tsawon santimita 30, ya ba notin kusan 206, ninki biyu ke nan, tun kafin ya fara tsalle ko ya zura mata bututu. Sitod da aka ja haka yana miƙewa, kuma wanda ya miƙe ba ya komawa. Bindigar iska ma haka take, ta kwancewa ce. In garejin da kake zuwa ba su da wannan sifana, sayi taka ka ajiye a but. Ba ta kai kuɗin taya ɗaya sabuwa ba.

Kafin a sauke kowace ƙafa, juya tayar da hannu cikakken zagaye kana saurare. Ƙarar karo ko guga, komai ƙanƙantarta, a kwance a nemo ta.

Mataki na tara: bayan an sauke

Fara da zagaya unguwa a hankali, ka karya sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare, ka hau tudun rage gudu guda biyu da mutane a baya. Sannan ka fita babban titi ka kai 80, ka kai 100. Sabuwar rawa da ba ta nan jiya tana nufin wani abu bai zauna a tsakiya ba. Koma gida, kada ka ce za ta ware. In komai lafiya, a duba alaimen.

Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notuna duka da sifana mai ma'auni. Ga mai kauri da adafta wannan yana nufin a cire taya a duba notunan ciki, waɗanda ba a ganinsu daga waje, kuma su ne mutane suke mantawa da su har shekara. Daga nan duk lokacin da aka cire taya don faci ko canjin birki, ka tsaya a kan mai aikin, ka gaya masa akwai faifai a baya, ka duba ko akwai tsaga a kewayen ramuka ko baƙin gari kamar toka, alamar wani abu yana motsi.

Sai safaya. In adafta ka sa, tsohuwar safayarka ba za ta hau sabon tsarin ramuka ba sai ka kwance adaftar a gefen hanya, don haka soket ɗin da ke shiga notunan ciki ya zauna a motar, tare da notunan asali guda biyar a cikin leda. Mai Peugeot ko Golf da ya sa dogayen bolti, shi ma ya ajiye gajerun na asali kusa da jak, domin in aka ɗaura safaya babu faifan, dogayen za su wuce su tokari birki. Gwada safayar a gida da rana, a ƙafar gaba da ta baya, kafin tafiyar farko mai nisa.